Ranar da Aka Sauke Tuta: Annoba da Gidajen Wasan Kwaikwayo a Landan

A yammacin Litinin, 16 ga Maris 2020, Firayim Ministan Birtaniya na lokacin, Boris Johnson, ya fito ta talabijin ya shawarci jama'a da su ƙaurace wa mashaya da gidajen rawa da gidajen wasan kwaikwayo saboda cutar korona. A ranar bai ba da umarnin rufewa ba, shawara kawai ya bayar, amma kafin dare ya yi nisa masu gidajen wasa na Landan sun kulle ƙofofinsu da kansu, wasu ma bayan 'yan kallo sun riga sun iso da tikiti a hannu. Kwana huɗu kafin nan gwamnan jihar New York na lokacin, Andrew Cuomo, ya hana taron da ya wuce mutum 500, abin da ya kashe fitilun gidajen wasa 41 na Broadway, cibiyar wasan kwaikwayo ta birnin New York. Da farko wata ɗaya aka ce za a yi, amma sai da aka shafe shekara ɗaya da rabi kafin manyan wasannin su dawo.

A makonnin farko na wannan kulle wani saƙo ya yi ta yawo a shafukan sada zumunta, cewa ai Shakespeare, shahararren marubucin Ingila, ma a lokacin annoba ya rubuta wasansa King Lear, don haka kowa ya yi amfani da zaman gida ya samar da abin kirki. Akwai ƙamshin gaskiya a labarin, domin annobar cutar da ƙumar ɓera ke yaɗawa ta rufe gidajen wasan Landan a 1606, kuma a ƙarshen wannan shekara aka nuna wasan a gaban Sarki James. Abin da ya hana ni sakewa da saƙon shi ne ya zaɓi mutum ɗaya, wanda ya fi kowa tsira daga masifar, ya mai da shi abin misali, ya bar ɗaruruwan da suke ci daga wannan sana'a waɗanda rufewar ta karya. Tarihin Landan na ƙarni na 16 da na 17 ya ajiye bayanin waɗannan mutane dalla-dalla, kuma duk wanda ya karanta shi zai ga cewa abin da ya raba wanda ya tsira da wanda ya durƙushe, a wancan zamani da kuma a 2020, bai wuce ko mutum yana da ubangidan da zai sa hannu a aljihu ba.

Kafin a gane abin da rufewa take nufi, sai an dubi yadda sana'ar take tafiya. A 1576 wani kafinta da ya koma ɗan wasa, James Burbage, ya gina gidan wasa a Shoreditch, arewa da ganuwar Landan. A 1587 Philip Henslowe ya gina nasa mai suna Rose a kudancin kogin Thames, sai Globe ya biyo baya a 1599, wanda yake ɗaukar mutum kusan 3,000. Ba banza aka kai su bayan gari ba. Hukumar birni ba ta ƙaunar sana'ar, shi ya sa aka nemi unguwannin da ikon magajin gari bai kai ba. Da rana ake wasa, wajen ƙarfe biyu, da hasken rana, kuma ranar da za a yi akan ɗaga tuta a saman ginin yadda na tsallaken kogi zai hango. Mai kwabo ɗaya a tsaye yake kallo a tsakar filin, kafaɗa da kafaɗa da ɗaruruwan mutane, mai son zama kuwa sai ya ƙara kwabo. Ita kanta ƙungiyar 'yan wasa hawa-hawa ce. A sama akwai masu hannun jari, 'yan tsirarun manyan 'yan wasa da suka zuba kuɗinsu suke raba riba. A ƙarƙashinsu akwai 'yan ƙodago da ake biya mako-mako, wato ƙananan 'yan wasa da makaɗa da masu kula da sutura da masu karɓar kuɗin ƙofa, sannan yara maza da ke fitowa a matsayin mata, tunda a al'adar lokacin mace ba ta hawa dandamali. Wata yarjejeniya ta 1597 da ta rage a cikin takardun Henslowe ta nuna an ɗauki wani ɗan wasa a kan sule 10 a mako idan ana wasa a Landan, sule 5 idan an fita karkara. Ranar da tuta ba ta tashi ba babu kuɗin ƙofa, kuma daga kuɗin ƙofa ake biyan kowa.

Akwai kuma wata doka ta 1572 da ta ɗaure sana'ar a gindin sarauta. Duk ɗan wasan da aka kama yana yawo ba tare da takardar wani basarake da ta nuna yaronsa ne ba, dokar ta lasafta shi cikin 'yan zaman kashe wando, kuma hukuncinsa bulala ne da huda kunne da ƙarfe mai zafi. Wannan ne dalilin da ya sa kowace ƙungiya take ɗauke da sunan wani babban mutum. Sai dai sunan kariya ce daga hukuma kawai, ba albashi ba ne, kuma annoba ce ta bayyana wannan bambanci ƙarara.

A watan Yunin 1592 majalisar mashawartan Sarauniya Elizabeth ta rufe gidajen wasa bayan wata tarzoma da yaran masu sana'a suka tayar a unguwar Southwark da ke kudancin kogin. Kafin wa'adin ya cika, a ƙarshen Satumba, annoba ta riga ta shiga gari. Littafin lissafin Henslowe, inda yake rubuta abin da ya samu a kowace ranar wasa, ya tsaya cak a ƙarshen Yuni, bai sake motsi ba sai ƙarshen Disamba, lokacin da sanyi ya sa cutar ta lafa. Makonni kaɗan aka yi, sai majalisar ta fitar da umarni a ranar 28 ga Janairu 1593, ta hana wasan kwaikwayo da wasan dabbobi da duk abin da ke tara jama'a a cikin mil bakwai daga Landan. A wannan shekara mutum sama da 10,000 suka mutu da cutar a garin da yawan jama'arsa bai kai 200,000 ba. Daga Yunin 1592 zuwa tsakiyar 1594, kwanakin da aka yi wasa a Landan 'yan makonni ne kawai, galibinsu cikin hunturu.

Hanyar da ta rage wa 'yan wasa ita ce su ɗora kayansu a kan amalanke su shiga garuruwa. Edward Alleyn, wanda a lokacin babu ɗan wasan da ya kai shi suna a Ingila, ya bi ƙungiyar Lord Strange, wadda majalisa ta ba takardar izinin yawo a watan Mayun 1593. Bai fi 'yan watanni da auren Joan, agolar Henslowe ba, kuma wasiƙun da suka yi ta aika wa juna suna nan ajiye a kwalejin Dulwich, wadda shi Alleyn ya kafa daga baya. A wasiƙar da ya aiko daga Bristol a farkon Agusta, ya roƙi matarsa ta riƙa tsabtace gida, ta riƙa watsa ruwa a ƙofar gida da ta baya kowace yamma, ta kuma ajiye wani ganye mai ɗaci da ƙarfin wari a tagogi, sannan ta dage da addu'a. Bayan wannan ya tuna mata da safarsa mai ruwan goro, ya ce a rina masa ita baƙa kafin ya dawo don ya sa da sanyi, ya kuma yi ƙorafin ba a ba shi labarin lambunsa ba, ya ce a shuka alayyafo a watan Satumba. Ina son wannan wasiƙa saboda a cikinta ana ganin mutum yana tsoron mutuwa yana kuma lissafin hunturu mai zuwa a numfashi ɗaya. Amsar da Henslowe ya mayar masa ba ta da daɗi. Ya lissafa masa adadin waɗanda suka mutu a makon, ya kuma shaida masa cewa matar wani ɗan wasa mai suna Robert Browne, a Shoreditch, ta rasu tare da 'ya'yanta da duk mutanen gidan, an kuma kulle ƙofar gidan.

Alleyn ya tambayi labarin wata ƙungiya, ta basaraken Pembroke, sai Henslowe ya amsa masa a wasiƙar 28 ga Satumba 1593 cewa duk sun dawo gida tun makonni biyar ko shida da suka wuce, domin abin da suke samu a hanya bai ishe su kuɗin tafiya ba, har ta kai sun jinginar da suturarsu. Wanda bai san sana'ar ba zai ɗauka ƙaramin abu ne. A wancan zamani sutura ita ce jarin ƙungiya. Alkyabba ɗaya ta baƙin karan-miski da aka yi wa ado, wadda Alleyn ya saya, ta ci fam 20 da 'yan kai, alhali marubuci fam 6 ko abin da ya yi kusa da haka ake biyansa a kan wasa sukutum. 'Yan kallo suna biyan kwabonsu ne don su ga sarki a cikin kayan sarki, kuma ƙungiyar da ta kai alkyabbarta gidan jingina ta sayar da damar komawa aiki ke nan. Ba da daɗewa ba wasu daga cikin wasannin da suke nunawa suka ɓulla a hannun masu ɗab'i, abin da ƙungiya mai lafiya ba ta cika yarda da shi ba, tunda ba ta son rubutunta ya faɗa hannun abokan gasa. Mutanen Pembroke suna da ubangida, kuma babba ne a ƙasar, amma sunansa kawai ya ara musu.

Shi kuwa Shakespeare a waɗannan shekaru biyu sai ya juya ga waƙa. A 1593 ya fitar da doguwar waƙa, a 1594 ya ƙara wata, kuma dukansu ya sadaukar da su ga basaraken Southampton, saurayi mai dukiya wanda a lokacin bai cika shekara 21 ba. Ta farkon ta yi kasuwa ƙwarai, aka yi ta sake buga ta. Da aka buɗe gidajen wasa a 1594, tsofaffin ƙungiyoyi sun watse, sana'ar ta koma hannun biyu kacal, ɗaya a ƙarƙashin Henry Carey, sarkin fadar Sarauniya, ɗaya a ƙarƙashin Charles Howard, shugaban rundunar ruwa. Shakespeare ya shiga ta farkon a matsayin mai hannun jari. A 1597 ya sayi ɗaya daga cikin manyan gidajen garinsu, Stratford, a 1605 kuma ya zuba fam 440 a wata harkar kuɗin shiga na gonaki a can. Mutumin da ya zauna rubuta King Lear ke nan, mai gida da gona da jari. Mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwo gaya, kuma ba laifinsa ba ne, amma bai kamata a ɗauki zamansa a auna na mai karɓar kuɗin ƙofa da shi ba.

Annobar 1603 ta fi ta baya muni. Sarauniya Elizabeth ta rasu a ranar 24 ga Maris, an riga an dakatar da wasanni saboda rashin lafiyarta, kafin a gama makoki kuma cutar ta mamaye gari ta kashe mutum sama da 30,000. Sabon sarki, James, ya ɗauki ƙungiyar su Shakespeare a matsayin tasa a watan Mayu, amma sai a Afrilun 1604 aka ba su damar komawa gidan wasansu, Globe. A takardar izinin ne majalisa ta sa wani sharaɗi da ya zama ma'auni na shekaru da yawa, cewa a yi wasa muddin waɗanda annoba ta kashe a mako ba su wuce 30 ba. Daga baya aka ɗaga adadin zuwa 40. Kowace Alhamis ake fitar da takardar lissafin mamata, wadda ake haɗawa daga rahoton unguwanni, kuma waɗanda ke shiga gida su duba gawa su faɗi abin da ya kashe ta tsofaffin mata ne matalauta da coci ke ɗauka aiki. Suna neman kaluluwa a hammata ko matsematsi, da tabo a fata. Da yake duk gidan da aka ce annoba ce ana kulle shi da mutanen ciki na makonni, a zana jan gicciye a ƙofa, iyalai da yawa sun gwammace a rubuta wata cuta daban, kuma an yi ta zargin cewa ɗan abin hasafi yakan canja rahoto. A kan irin wannan lissafi abincin 'yan wasa ya rataya. Tsakanin 1603 da 1613 watannin da gidajen wasa suka yi a rufe sun fi waɗanda suka yi a buɗe yawa.

A nan ne amfanin ubangida mai sa hannu a aljihu ya fito. A watan Fabrairun 1604 Sarki James ya ba Richard Burbage, babban ɗan wasan ƙungiyar su Shakespeare, fam 30 kyauta don ya riƙe ƙungiyar, ban da kuɗin wasannin da suke yi a fada, inda ba a daina kallo ba ko da gari yana rufe. An sake yi musu irin wannan a rufewar 1608 zuwa 1609, wadda ta haɗiye wasu ƙananan ƙungiyoyi gaba ɗaya. A rufewar 1636 zuwa 1637, wadda ta kai wata 17, Sarki Charles ya yanka wa ƙungiyarsa fam 20 a kowane mako, yayin da ƙungiyar da ke ɗauke da sunan matarsa ta watse.

Tambayar da ta fi ɗaukar hankalina ita ce ko tsoron cuta ne kaɗai ya sa ake gaggawar rufe gidajen wasa. Umarnin Janairun 1593 ya hana kowane irin taro, amma ya ware wa'azi da ibada a coci. Hukumar birni kuwa tun kafin annoba take rubuta wa majalisa takardu tana neman a rushe gidajen wasa, tana cewa suna janye yaran masu sana'a daga aiki, suna tara 'yan sane da karuwai, suna kuma haddasa tarzoma. A ɗaya daga cikin waɗannan takardu, a shekarun 1580, ta kafa hujjar da ba ta bar wa 'yan wasa mafita ba: yin wasa a lokacin annoba yana yaɗa ta, yin wasa a lokacin lafiya kuma yana jawo ta, domin yana fusata Ubangiji. Wani mai wa'azi, Thomas White, ya faɗi haka a fili a 1577, cewa zunubi ne sanadin annoba, wasan kwaikwayo ne sanadin zunubi, don haka wasan kwaikwayo ne sanadin annoba. Abin da ya hana a rushe su shi ne Sarauniya tana son a yi mata wasa a lokacin Kirsimeti, kuma majalisarta takan amsa wa birni cewa dole a bar 'yan wasa su riƙa gwaji a gaban jama'a don su iya fitowa a gabanta. Ga hukumar birni, annoba dama ce ta samun abin da ta daɗe tana nema.

Duk da haka ba na cikin masu cewa rufewar zalunci ce tsantsa. Mutanen lokacin sun ɗauka gurɓatacciyar iska ce ke kawo cutar, shi ya sa ake ƙona turare da ganyaye, ake kuma biyan mutane su kashe karnukan da ke yawo, a 1665 har da kyanwoyi, wato maganin ɓeraye. Sai a 1894 Alexandre Yersin ya gano ƙwayar cutar a Hong Kong, bayan shekara huɗu kuma Paul-Louis Simond ya nuna cewa ƙumar jikin ɓera ce ke ɗaukar ta zuwa jikin mutum. Ke nan mutum ya fi kamuwa a ɗakin kwanansa fiye da tsakar filin Globe da ba shi da rufi. Amma akwai nau'in cutar da ke kama huhu ya yaɗu ta tari, kuma cusa mutum dubu biyu ko uku a wuri ɗaya, da tufafinsu na ulu da ƙwarin da ke ciki, ba abu ne da mai hankali zai ƙyale a tsakiyar annoba ba. A 2020 hujjar ta fi haka ƙarfi, tunda korona ta iska take bi, kuma gidan wasa na zamani ɗaki ne rufaffe inda ake zama awa biyu ko uku, wasu suna rera waƙa da ƙarfi. A ranar 10 ga Maris 2020 mutum 61 suka halarci gwajin waƙa na wata ƙungiyar mawaƙa a gundumar Skagit ta jihar Washington, sama da 50 suka kamu, biyu suka mutu. Da wannan a gabana, ba ni da ja da rufewar. Jayayyata tana kan wanda aka bar wa ɗawainiyarta.

A Birtaniya gwamnati ta fito da tsarin biyan kashi 80 cikin 100 na albashin ma'aikatan da aka zaunar a gida, sannan ta ƙara wani na masu cin gashin kansu. Matsalar ita ce kusan kashi 70 cikin 100 na masu aiki a gidajen wasa ba ma'aikatan dindindin ba ne. Kwangila suke yi, daga wannan wasa zuwa wancan, wani lokaci a biya su kamar ma'aikata, wani lokaci kamar masu zaman kansu, kuma da yawa sun faɗa tsakanin tsare-tsaren biyu ba su samu ko ɗaya ba. A watan Yuli aka sanar da asusun fam biliyan 1.57 don ceto harkar al'adu, kuɗi mai tsoka wanda ya hana gidaje da yawa rushewa, amma ga cibiyoyi aka ba shi, da fatan zai gangaro ƙasa. A wannan watan ne babban gidan wasa na ƙasa, National Theatre, ya sanar da sallamar ma'aikatan wucin gadi kusan 400, masu nuna wa 'yan kallo kujera da masu aiki a bayan dandamali, kuma a ƙarshen shekara gidan ya samu rancen kusan fam miliyan 20 daga asusun. Gidajen wasa na Nuffield a Southampton ba su kai ga cin moriyar asusun ba, kamfanin da ke tafiyar da su ya durƙushe a watan Mayu, aka sanar da rufe shi dindindin a watan Yuli. Sai da darakta Sam Mendes ya jagoranci kafa wani asusu na taimako, wanda Netflix ya fara zuba wa fam 500,000, don a riƙa ba masu kwangila fam 1,000 kowannensu. Masu ɗinkin sutura suka koma ɗinka rigunan asibiti da takunkumi, 'yan wasa suka koma jera kaya a kantuna da kai saƙo gida-gida. Manyan cibiyoyi su ne suka gaji matsayin ƙungiyar sarki, gwamnati ta zama ubangidansu, masu kwangila kuwa suka gaji na mutanen Pembroke.

Faransa ta bi wata hanya, kuma a ganina ita ce ta fi kusa da adalci. Can akwai tsari na musamman ga 'yan wasa da masu aikin dandamali, wanda duk wanda ya yi aikin awa 507 a shekara yake samun alawus a lokutan da ba ya aiki. A watan Mayun 2020 Shugaba Macron ya tsawaita wannan haƙƙi har zuwa Agustan 2021, tunda babu yadda mutum zai tara awanni a gidajen da ke kulle. Kuɗin yana zuwa hannun mutum ne kai tsaye. Wannan bai hana fushi ba, domin a watan Maris 2021 ma'aikata sun mamaye gidan wasa na Odéon a Paris, abin ya bazu zuwa wasu garuruwa, kuma cikin ƙorafinsu har da cewa an bar kantuna a buɗe an bar su a rufe.

Mu ma a nan ba mu tsira ba, ko da yake namu gidajen wasa ba irin na Landan ba ne. A ƙarshen Maris 2020 aka kulle Legas da Ogun da Abuja, a watan Afrilu aka kulle Kano, aka rufe gidajen sinima da na kallon ƙwallo da na biki, aka kuma soke hawan salla. Wanda ke da fadar da yake wa kiɗa, ko attajirin da ke tuna shi da azumi, ya samu abin taɓawa. A unguwarmu akwai wani mai ba da hayar lasifika da fitilu, wanda shi ake kira idan makaranta za ta yi wasan kwaikwayo na ƙarshen zango ko za a yi taron biki, yana da yara da ke ɗaukar kaya suna haɗa waya, kowa ana sallamarsa a ranar da aka yi aiki. Bayan an sassauta kulle na tarar da shi a bakin shagonsa, na lura babu ƙaramin janaretan da yake ajiyewa a gefen ƙofa, na tambaye shi. Ya ce, “Malam, na sayar da shi tun da azumi, kuma wallahi ko rabin kuɗinsa ban samu ba, don kowa sayarwa yake yi, babu mai saye.” Yaransa biyu sun koma acaɓa, kuma da aka dawo da bukukuwa sai ya zamana hayar janareta yake yi daga wani kafin ya iya karɓar aiki.

Akwai abu ɗaya da majalisar 1604 ta yi wanda gwamnatocin 2020 suka kasa, wato ta faɗi adadi. Duk da lissafin mamatan yana da rauni, ɗan wasa yana iya duba takardar Alhamis ya ga adadin yana sauka daga 60 zuwa 45, ya fara kiran yaransa. A 2020 babu irin wannan ma'auni da mai gidan wasa zai dogara da shi, alhali rufewa sa'a ɗaya take ci, buɗewa kuwa sai an yi makonni ana gwaji, a ɗauki ma'aikata, a sayar da tikiti, a biya kuɗin talla, duk kafin kwabo ya shigo. Gidajen wasan Landan da suka yi ƙarfin hali suka buɗe a farkon Disamba 2020, da kujeru a warwatse waɗanda ba su isa su mayar da kuɗin da aka kashe ba, an sake rufe su a ranar 16 ga watan, a daidai lokacin wasannin Kirsimeti da gidaje da yawa ke samun abin da za su ci shekara da shi. Ba su sake buɗewa ba sai 17 ga Mayu 2021, kuma sai 19 ga Yuli aka yarda su cika kujerunsu. Kafin lokacin, masu haɗa fitila da sauti da kafintocin dandamali da yawa sun koma harkar fim da talabijin, ko sun bar sana'ar baki ɗaya, har gidajen suka riƙa kukan rashin ƙwararru. 'Yan kallo ma ba su dawo a rana ɗaya ba. Broadway ta karɓi mutum kusan miliyan 14.8 a kakar 2018 zuwa 2019, amma a kakar 2022 zuwa 2023, cikakkiyar kaka ta farko bayan buɗewa, miliyan 12.3 suka zo.